Laifi ya hau waya, shari'a na bin sa da takarda

A ƙarshen watan Disamba na 2018 wata ɗaliba ta Jami'ar Maitama Sule da ke nan Kano ta tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano za ta Umara. Ba ta daɗe da sauka ba jami'an Saudiyya suka kama ta, saboda an samu ƙwayar Tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Jakar kuwa ba tata ba ce. Da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta bi diddigi, sai ta gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin namu ke manna sunan matafiyi a jikin jakar da bai taɓa gani ba. In ta wuce lafiya, wani ya ɗauke ta a can. In an kama ta, mai sunan ya shiga uku. An cafke mutanen a Kano, amma yarinyar ba a sake ta ba sai ƙarshen Afrilu na 2019, bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan labari shi ne, hujjar da za ta wanke ta tana Kano, ita kuma tana hannun hukuma a wata ƙasa. Tura hoton takarda daga Kano zuwa Jidda ba ya cin minti ɗaya. Abin da ya ci watanni shi ne yadda hukumar wata ƙasa za ta karɓi maganar hukumar wata, ta yarda da ita, har ta buɗe ƙofar kurkuku a kanta. Sai da maganar ta kai kunnen Shugaba Buhari, ya umarci Antoni Janar Abubakar Malami ya shiga ciki. Ba kowane gida ne kukansa ke isa fadar shugaban ƙasa ba. A watan Agusta na 2025 an sake yin irin ta, mutum uku da suka tashi daga Kano zuwa Umara aka tsare su kan jakunkunan da ba nasu ba, sai dai a wannan karon cikin 'yan makonni aka sake su. Watanni kaɗan kafin nan NDLEA ta riga ta ƙulla yarjejeniyar aiki tare da takwararta ta Saudiyya, wato an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa da wanda zai buɗe.

Jihar Kano ba ta da iyaka da wata ƙasa ta tudu, amma kusan duk hanyoyin da suka ratsa iyakar Nijar nan suke sauka: ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Kongolam a Daura zuwa Damagaram, ta Maigatari a Jigawa. Kayan Kantin Kwari, hatsin Dawanau, wayoyin Farm Centre, duk suna tsallakawa kullum, kuma inda kasuwa ta je, mai cuta ma yana zuwa.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ne a Dawanau mai sayen riɗi da wake. Wani ya kira shi ta WhatsApp da lambar Nijar, ya turo masa bidiyon buhuna jibge a sito, suka yi ciniki, Alhaji ya tura kafin alƙalami ta banki. Daga nan waya a kashe. Ya tafi hedikwatar 'yan sanda a Bompai, ko ofishin EFCC, ya ce, "Yallaɓai, ga lambarsa, ga hotonsa, har unguwarsu na sani. Maraɗi ce fa, nan da nan." Jami'in ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ikonmu a Jibiya ya ƙare." Alhaji zai fito yana ganin an raina masa hankali ne, alhali gaskiya aka gaya masa.

Hanya biyu ce hukumomin ƙasashe ke bi su taimaki juna a kan laifi, kuma yawancin ruɗanin da ake samu daga haɗa su wuri ɗaya yake tasowa. Ta farko hanyar 'yan sanda ce. Hukumar Interpol, mai hedikwata a birnin Liyon na Faransa, tana da ƙasashe 196 a cikinta, kowace da ofishinta na tuntuɓa. Namu yana Abuja. Tun farkon shekarun 2000 ta haɗa ofisoshin da wani keɓaɓɓen layin sadarwa mai suna I-24/7, wanda jami'i zai iya shiga ya duba ko fasfo na sata ne, ko mota ta ɓata a wata ƙasa, ko ana neman wani mutum. Interpol ba ta da 'yan sandan da ke kama mutane, kuma jar sanarwar da take fitarwa ba sammaci ba ce. Roƙo ne ga ƙasashe su nemo mutum su riƙe shi, kowace kuma da dokarta za ta yi aiki. Wannan hanya in ta yi, tana sauri. Lokacin da Abdulrasheed Maina ya tsallake beli a shari'ar kuɗin fansho, har aka tsare Sanata Ali Ndume da ya tsaya masa, a Yamai aka kama shi ranar 30 ga Nuwamba na 2020, kuma bai cika mako ba aka sauke shi a Abuja.

Sai dai abin da ɗan sanda ya gaya wa ɗan sanda labari ne na bincike. Alƙali ba zai ɗaure mutum a kansa ba. In ana son takardun banki, ko bayanan kamfanin waya, ko shaidar wani da ke wata ƙasa su shiga kotu, sai an bi hanya ta biyu, ta neman taimakon shari'a a hukumance. Ƙasashen ECOWAS sun ƙulla yarjejeniya a kan haka a Dakar a 1992, suka ƙara ta tasa ƙeyar wanda ake nema a Abuja a 1994. Najeriya ta yi cikakkiyar dokarta ta taimakon juna a shari'ar laifuka a 2019, ta kuma sa Antoni Janar na Tarayya ya zama ƙofar shiga da fita. Ma'ana, mai gabatar da ƙara a Kano ba shi da ikon rubuta wa takwaransa na Maraɗi kai tsaye. Takardarsa za ta tafi ma'aikatar shari'a a Abuja, a tace ta, a mayar da ita Faransanci, ta tafi Yamai, sannan ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 ta dawo gabas zuwa Maraɗi, garin da tsakaninsa da Kano bai kai kilomita 300 ba. Amsa ma ta nan za ta biyo. Mutanen da ke bakin zaren biyu duk Hausa suke yi, wataƙila ma akwai auratayya tsakanin danginsu, amma ɗaya ya gaji shari'ar Ingila ɗaya ya gaji ta Faransa. A Nijar, babban laifi alƙali mai bincike ne ke jan ragamarsa, shi ke ba jandarmomi umarni. A nan alƙali zama yake yi a kawo masa. Takardar da ta cika ƙa'ida a idon lauyan Kano tana iya zama gurguwa a idon na Maraɗi.

A nan ne masu tallar fasaha ke cewa a mayar da komai kan kwamfuta. Suna da gaskiya zuwa wani matsayi. A aika buƙata ta amintaccen layi da sa hannun lataroni maimakon jakar jakadanci, a riƙa ganin inda ta tsaya da wanda ta kwana a teburinsa, a ɗauki shaidar mutum ta bidiyo maimakon a saya masa tikiti: duk wannan yana rage watanni. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 kan gungun masu laifi na ƙetare ta halatta sauraron shaida ta bidiyo tun da daɗewa, Kotun Ƙolin Najeriya ma a 2020, lokacin korona, ta ce zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba. A 2023 kuma an gyara dokar shaida ta yadda sa hannun lataroni da rantsuwa ta bidiyo suka samu gurbi.

Amma hujjar kwamfuta tana da nata shinge. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ce duk wanda zai gabatar da abin da na'ura ta fitar sai ya nuna cewa na'urar ana aiki da ita yau da kullum, lafiyarta ƙalau lokacin da ta fitar da bayanin, kuma a kawo takardar tabbaci daga wanda ke da alhakinta. A 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba, kuma tun daga nan lauyoyin masu kare kai suka riƙe sashen kamar sanda. To yanzu a ce jami'in Maraɗi, don zumunci, ya ɗauki hoton takardar kamfanin waya ya turo wa abokinsa na Kano ta WhatsApp. Bayanin gaskiya ne, ya iso cikin daƙiƙa, amma wa zai sa hannu a takardar tabbaci? Wa zai tsaya a kotu ya ce ba a taɓa hoton a hanya ba? Lauyan da ya san aikinsa ba zai yi gumi ba wajen fitar da shi daga shari'a.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ta Maraɗi girma, wadda Alhajinmu na Dawanau bai ma san ya faɗa cikinta ba. Shi da wanda ya cuce shi duk 'yan ƙasar Hausa ne, amma wani kaso na hujjar yana hannun kamfanonin Amurka: Meta mai Facebook da WhatsApp da Instagram, da Google, da Apple. Dokar Amurka ta 1986 ta hana waɗannan kamfanoni miƙa wa gwamnatin waje abin da saƙo ya ƙunsa. Suna iya bayar da bayanan rajista a wasu lokuta, kamar lambar da aka buɗe shafi da ita, amma in abin da aka rubuta ake so, sai an bi ta ma'aikatar shari'ar Amurka, alƙalin can ya gamsu bisa ma'aunin can. Najeriya na da yarjejeniyar taimakon shari'a da Amurka da aka sa wa hannu a 1989, ta fara aiki a 2003. Wani kwamiti da Shugaba Obama ya kafa ya faɗa a rahotonsa na 2013 cewa irin wannan buƙata kan ɗauki kimanin wata goma. Saƙonnin WhatsApp kuwa tun 2016 a rufe suke daga waya zuwa waya, kamfanin kansa ba ya iya karanta su, don haka in ba a samu wayar a hannu ko ajiyar da aka yi ta saƙonnin ba, zancen ya ƙare.

Kwatanta wannan da abin da ya faru da Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi. An kama shi a Dubai a watan Yuni na 2020, aka miƙa shi ga Amurka, a Nuwamba na 2022 kotu a Los Angeles ta ɗaure shi wata 135 kan halasta kuɗin damfarar intanet. Hukumar FBI ta gina shari'arta ne da bayanan shafukansa da na wayarsa, kuma kamfanonin da ke riƙe da su suna ƙarƙashin alƙalan ƙasarta. Abin da jami'in FBI zai samu da sammaci ɗaya, jami'in Kano sai ya yi layi a bayan ƙasashen duniya. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta ba wasu ƙasashe damar tunkarar kamfanonin kai tsaye, amma sai ƙasar da ta ƙulla yarjejeniya ta musamman da ita, kuma Birtaniya da Ostireliya ne suka samu. Tarayyar Turai ta yi nata tsari a 2023, mai fara aiki a watan Agusta na 2026, inda alƙalin wata ƙasa zai umarci kamfanin da ke wata ya kawo bayani cikin kwana 10, in gaggawa ce cikin awa 8. Sun kai nan ne saboda sun shafe shekaru suna daidaita dokokinsu har alƙalin wannan ya yarda da sa hannun na waccan.

A ganina, abu mafi amfani da fasaha ta kawo wa mai bincike a wuri irin Kano shi ne wanda ba a cika zancensa ba: ikon cewa "a riƙe wannan kada ya goge". Bayanin kwamfuta kamar sawun ƙafa ne a rairayi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa na Najeriya ajiye bayanan kira da na masu layi na shekara biyu, amma wasu ƙasashe nasu bai kai haka ba, mai laifi ma yana iya goge shafinsa cikin dare. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet, wadda Najeriya ta shiga a 2022, ta tanadi cewa kowace ƙasa ta ajiye ofishin da ake samu dare da rana, kuma in wata ƙasa ta roƙa a killace bayani, a riƙe shi aƙalla kwana 60 kafin cikakkiyar takarda ta iso. Kamfanin Meta ma yana karɓar irin wannan roƙo daga jami'an tsaro ta shafin da ya ware musu, ya riƙe bayani na kwana 90. Wannan bai buƙatar jakada ko minista. Abin da yake buƙata shi ne jami'in da ya karɓi ƙorafin Alhaji ranar farko ya san da shi, yana da adireshin imel na hukuma, ya kuma aika kafin mako ya fita. In aka bari sai fayil ya gama zagayen ofisoshi, ya zama ihu bayan hari.

Kuɗi ma haka suke, har sun fi gudu. A watan Yuli na 2024 'yan damfara sun yaudari wani kamfani a Singafo ya tura dala miliyan 42.3 zuwa wani asusu a Timor ta Gabas. Da aka kai ƙara, 'yan sanda suka yi amfani da tsarin Interpol na tsayar da kuɗi cikin gaggawa, washegari aka riƙe dala miliyan 39. Ya yiwu ne saboda kuɗin na cikin banki. Namu ba lallai su daɗe a can ba. Duk wanda ya san Wapa ya san yadda ciniki ke tafiya tsakaninmu da Nijar: ka ba da naira a Fagge, a buga waya, wani ya ƙirga maka sefa a Maraɗi. Tsari ne na amana da ya riƙe kasuwancin yankin nan tun kafin bankuna su zo, kuma mafi yawan masu yin sa halalinsu suke nema. Amma ga mai bin sawun kuɗi a kwamfuta, layin a nan yake yankewa. Za a ga an cire kuɗi a wurin mai POS, daga nan sai dai a koma tambayar mutane baki da baki.

Wani abin da ya kamata mu tuna a wannan fanni shi ne abin da ya same mu a 2017. Ƙungiyar Egmont, wadda hukumomin bayanan sirrin kuɗi na duniya ke musayar bayani ta keɓaɓɓen layinta, ta dakatar da Najeriya, saboda sashen namu yana cikin EFCC ba shi da cin gashin kai, ana kuma ƙorafin bayanai na fita. Layin yana nan, kwamfutocin na aiki, amma aka rufe mana ƙofa har sai da aka yi dokar da ta ware sashen daga EFCC ya zama hukumar NFIU a 2018.

Sai batun da ya fi damuna, domin ya shafi duk mai suna irin namu. Tun 2012 Interpol, da kuɗin Tarayyar Turai, take taimaka wa ƙasashen Afirka ta Yamma su kafa rumbun bayanan 'yan sanda mai suna WAPIS, a kwashe abin da ke cikin tsofaffin fayiloli a zuba a kwamfuta, ƙasashe su riƙa duba na juna. Tunani ne mai kyau. Amma kwamfuta da haruffa take gane mutum. Wanda muke rubuta wa Shu'aibu Yusuf, a Nijar Chaibou Issoufou ne. Usman ya zama Ousmane, Abubakar ya zama Aboubacar ko Boubacar. Muhammad kuwa, ka ƙirga: Mohammed, Muhammadu, Mamman, Mahamadou, Mahamane. Mutum ɗaya yana iya samun katin nan da katin can, kowanne da rubutunsa, ba tare da ya yi niyyar ɓoye komai ba, domin mahaifinsa ɗan Daura ne mahaifiyarsa 'yar Magarya. Da yawanmu kuma sunan gari ko na unguwa muke sawa a ƙarshe. Ranar haihuwa ma, ka duba takardun dattawanmu ka ga mutum nawa ne aka rubuta wa 1 ga Janairu saboda ba a san ranar ba.

Wannan wuƙa ce mai baki biyu. In aka ce wa na'ura ta nemi suna harafi da harafi, mai laifi zai wuce da rubutun Faransanci. In aka sassauta aka ce ta kawo duk mai kama da shi, to Musa Abdullahi nawa ne ke bi ta filin jirgin Kano a lokacin aikin Hajji ɗaya? Kama da wane ba ta wane, amma jami'in shige da fice a wata ƙasa da allonsa ya nuna ja ba zai tsaya karin magana ba. Zai ce ka koma gefe, kuma gefen nan yana iya zama kwanaki. Mafita ita ce zanen yatsu da hoton fuska, shi ya sa lambar BVN da aka fara a 2014, da haɗa layin waya da lambar NIN da aka tilasta daga Disamba na 2020, da na'urorin ɗaukar bayanan matafiya a kan iyaka suke da muhimmanci. Sai dai dokar NIN a iyaka take tsayawa. Layin Nijar yana kamawa a garuruwanmu na bakin iyaka, namu ma yana kamawa a nasu. Iyakar kuma kusan kilomita 1,500 ce, na'ura tana bakin shingen hukuma, ɗan acaɓa yana bi ta gona.

Ko da bayanin daidai ne, akwai tambayar wa ya sa shi, kuma don me. Kundin Interpol ya hana ta shiga abin da ya shafi siyasa, soja, addini ko ƙabila, amma gwamnatoci sun sha gwada amfani da jar sanarwa su farauto 'yan adawa. Hakeem al-Araibi, ɗan ƙwallon Baharen da Ostireliya ta ba mafaka, an kama shi a filin jirgin Bankok a Nuwamba na 2018 bisa irin wannan sanarwa. Interpol ta soke ta cikin kwanaki, amma shi sai da ya kai Fabrairu na 2019 a tsare. Shigar da suna minti ne, fitar da shi daga duk rumbunan da suka kwafa aiki ne na lauyoyi da kuɗi. Akwai kwamiti mai zaman kansa a Interpol da ake kai wa ƙorafi, sai dai ɗan kasuwar Kwari da aka tare a hanyarsa ta Dubai ko Guangzhou bai san da shi ba, balle ya rubuta masa. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta yi a 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, amma ta bar wa hukumomin bincike da tsaro sarari mai faɗi.

Shi ya sa ba na cikin masu ganin duk jinkirin kotu ɓata lokaci ne. Dattawa sun tuna Yuli na 1984, lokacin da aka samu tsohon minista Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted na Birtaniya ana shirin kawo shi Legas. Abin da ke faruwa ke nan in gwamnati ta ga hanyar doka ta yi mata nisa. A ɗaya gefen, lokacin da Amurka ta nemi a miƙa mata jami'in ɗan sanda Abba Kyari kan zargin alaƙa da Hushpuppi, zargin da ya musanta, Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yi watsi da buƙatar a Agusta na 2022, saboda dokar tasa ƙeya ta hana a miƙa mutumin da ke fuskantar wata shari'a a gida. Ko mutum ya ji daɗin hukuncin ko bai ji ba, akwai teburin da aka ajiye takardar ƙasa mafi ƙarfi a duniya aka auna ta da doka. Akwai kuma ƙa'idar cewa abin da ake neman mutum a kansa ya zama laifi a ƙasashen biyu. Mu da muke da dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci tun 2000, wasu abubuwan da kotunanmu ke hukuntawa ba laifi ba ne a wasu wurare, ƙasashen Turai kuma ba sa miƙa mutum inda zai iya fuskantar kisa sai an ba su tabbaci. Ba wata manhaja da za ta warware wannan.

Duk abin da na faɗa kan hanyar Maraɗi an gina shi ne a kan zaman da ya riga ya canza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Nijar an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Yarjejeniyoyin 1992 da 1994 na ECOWAS ne, WAPIS ma a ƙarƙashin inuwarta aka tsara shi. Abin da ya rage a tsaye shi ne Nijar tana cikin Interpol, tana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000, akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, akwai kuma sanayyar da masu gabatar da ƙara na yankin suka ƙulla ta ƙungiyar WACAP tun 2013, inda mutum kan kira takwaransa ya ce ga takarda tafe, ga yadda zan rubuta ta, ta yi? A Disamba na 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabuwar yarjejeniya kan laifukan intanet, wadda ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 40 sun tabbatar da ita, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi na sukar ta da cewa ta buɗe ƙofar leƙen asirin jama'a.

Ana nan ana shimfiɗa layin dogo daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya fara tashi, wanda aka ba beli a kotun Nomansland da safe zai iya yin sallar La'asar a Maraɗi. Mai gabatar da ƙarar da ke riƙe da fayil ɗinsa kuwa zai fara ne da tambayar Abuja wace yarjejeniya zai ambata a layin farko na takardarsa.